Jam'in Suna Da Hankalin Yaro: Sharhi A Kan Littafin Charles Yang

Cikin shekara ta 2016 ne maɗaba'ar MIT ta Amurka ta fito da littafin Charles Yang, malamin ilimin harshe a Jami'ar Pennsylvania, mai suna The Price of Linguistic Productivity. Tambayar da littafin ya tasa a gaba tsohuwa ce, wato yaushe ne yaro yake barin haddar kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa akwai ƙa'idar da ke tafiyar da su. Abin da ke sabo shi ne amsar, domin marubucin ya ce ana iya lissafa wannan lokaci da alƙalami, kamar yadda ake lissafin riba da faɗuwa a kasuwa. Maƙasudin wannan sharhi shi ne a bayyana wannan ra'ayi a taƙaice, sa'an nan a gwada shi da jam'in suna na Hausa, wanda yake ɗaya daga cikin sassa mafi wuya a nahawun harshen.

Kafin a shiga littafin ya kamata a tuna inda maganar ta samo asali. Tun cikin 1927 Paul Guillaume ya lura cewa yaran Faransa sukan ƙera siffofin aikatau da ba su taɓa ji a bakin kowa ba. Duk wanda ya zauna da yara masu koyon Faransanci ya san irinsu: prendu maimakon pris, ko chevals maimakon chevaux. Kuskure irin wannan shaida ce mai ƙarfi, domin ba a kwaikwayon abin da ba a ji ba. Cikin 1958 Jean Berko ta mayar da wannan lura gwaji. Ta zana wata ƴar halitta mai kama da tsuntsu, ta laƙaba mata sunan da babu shi a Ingilishi, wato wug, ta nuna wa yara masu shekara 4 zuwa 7. Daga nan sai ta nuna musu hoton biyu, ta fara jimla, ta bar su su cika. Kashi 91 cikin 100 na yaran sun ba da jam'in da ake jira, wugs.

Wannan adadi ne littattafan koyarwa suka riƙe, amma akwai wani a cikin maƙalar da ba a cika ambata ba. Inda ƙagaggiyar kalma ta ƙare da sautin da ke bukatar ƙarin gaɓa, yaran sun faɗi warwas: kashi 36 kawai suka iya jam'in tass, kashi 28 na niz, alhali kuwa kashi 91 sun iya jam'in glass, kalmar da suka sani, wadda ƙirarta ɗaya da ta tass. Ke nan tun ran farko gwajin ya nuna abu biyu tare, ƙa'ida da hadda, kuma jayayyar da ta biyo baya duk a kan rabon aiki ne tsakaninsu. Cikin 1986 Rumelhart da McClelland suka ce sun koya wa kwamfuta shuɗaɗɗen lokaci na aikatau na Ingilishi ba tare da wata ƙa'ida ba. Pinker da Prince suka mayar musu da martani cikin 1988. Cikin 1992 Gary Marcus da abokan aikinsa suka duba maganar yara 83, suka sami cewa kuskure irin na goed maimakon went bai da yawa kamar yadda ake zato, matsakaicinsa kashi 2.5 cikin 100 ne kawai.

Ra'ayin marubucin

Yang yana cikin masu cewa ƙa'ida gaskiya ce a kwakwalwar yaro. Inda ya bambanta da magabatansa shi ne ya tambayi abin da suka ɗauka kyauta: bauɗaɗɗun kalmomi nawa ƙa'ida take iya ɗauka kafin ta karye? Ga yadda ya tsara hujjarsa. Idan mai magana zai yi jam'in wata kalma, sai ya fara duba jerin bauɗaɗɗu, daga wadda aka fi yawan faɗi zuwa wadda ba a cika faɗi ba. Idan bai same ta a jerin ba, sa'an nan ya yi aiki da ƙa'ida. (Wannan tsari na gabatar da keɓantacce a kan gama-gari tsoho ne ƙwarai, tun Panini, manahawun Sanskirit, aka san shi.) To, kowace bauɗaɗɗiya da aka ƙara a jerin tana jinkirta duk kalmomin da ke bin ƙa'ida, domin dole su jira a gama dubawa. Idan jerin ya yi tsawo har ya wuce wani matsayi, haddace kome da kome ya fi sauri a kan riƙe ƙa'ida. Da ya haɗa wannan da dokar Zipf, wadda ke cewa kalmomi ƙalilan ne ke cinye mafi yawan magana, sai lissafin ya ba shi iyaka guda: idan kalmomin da ƙa'ida ta shafa sun kai N, bauɗaɗɗun da za ta iya jurewa ba za su wuce N a raba da lugaritim na asali na N ba. Wannan shi ne abin da za a kira ma'aunin haƙuri a cikin wannan sharhi. Ga abin da yake bayarwa:

(1) kalma 10, bauɗaɗɗu 4
kalma 20, bauɗaɗɗu 6
kalma 50, bauɗaɗɗu 12
kalma 100, bauɗaɗɗu 21
kalma 1000, bauɗaɗɗu 144

Abin lura a nan shi ne, haƙurin yana raguwa yayin da kalmomi ke ƙaruwa. Mai kalma 10 yana yafe kashi 40 cikin 100, mai kalma 1000 kuwa bai yafe ko kashi 15 ba. Saboda haka ƙarancin kalmomin yaro alheri ne gare shi wajen gano ƙa'ida, abin da marubucin ya danganta da yadda yaro ke fin babba saurin kama nahawu. Cikin 2016 Kathryn Schuler da Yang da Elissa Newport sun gwada haka da wani ƙagaggen harshe mai suna 9. Ma'aunin ya ce 4 ce iyaka. Yaran da aka ba suna 5 masu bin ƙa'ida da bauɗaɗɗu 4 sun yaɗa ƙa'idar zuwa sababbin kalmomi; waɗanda aka ba 3 da 6 ba su yi ba.

Babu shakka wannan aiki yana da daraja, kuma darajarsa ta farko ita ce ana iya ƙaryata shi. Ra'ayoyi da yawa a fagen koyon harshe sun daɗe saboda ba su faɗi wani abu da za a iya ƙirgawa ba. Wannan kuwa ya miƙa wuyansa. Ta biyu, ya bayyana abin da sauran suka kasa, wato gurbin da babu kowa a cikinsa. A Rashanci akwai aikatau irin su pobedit', mai ma'anar cin nasara, waɗanda masu harshen ke kauce wa faɗinsu da wakilin suna na mutum na farko tilo, domin babu siffar da ta zauna musu daidai. Masu cewa kowane harshe yana da ƙa'idar ko-ta-kwana, wadda ake komawa gare ta idan hadda ta gaza, ba su da bakin magana a nan. Yang ya ce inda babu ƙa'idar da ta haye ma'auni, yaro bai da abin komawa, sai gurbin ya zauna fayau.

Gwaji da Hausa

Harsunan da littafin ya fi dogara gare su na Turai ne: Ingilishi da Jamusanci da Rashanci da Sifaniyanci da makamantansu. Wannan ba laifin Yang kaɗai ba ne. Cikin 2022 Evan Kidd da Rowena Garcia sun ƙirga maƙalun manyan mujallu 4 na wannan fage, suka sami harsuna 103 kacal daga cikin wajen 7000 na duniya, kuma fiye da rabin maƙalun a kan Ingilishi ne. To, ra'ayin da ya yi iƙirarin cewa ya shafi kowane ɗan Adam, wajibi ne a kai shi inda ba a ɗinka shi ba.

Paul Newman, cikin babban nahawunsa na shekara ta 2000, ya kasa jam'in suna na Hausa zuwa manyan azuzuwa 15. Ga kaɗan daga ciki:

(2) mota, motoci, taga, tagogi, hanya, hanyoyi
malami, malamai, ɗalibi, ɗalibai
gida, gidaje; kifi, kifaye; birni, birane
riga, riguna, ɗaki, ɗakuna
ƙauye, ƙauyuka, kare, karnuka
kujera, kujeru, shekara, shekaru
akuya, awaki; doki, dawaki; tunkiya, tumaki
wata, watanni, yaro, yara, saniya, shanu

Kowane aji kuma da nasa karin sauti: motoci duka sama, malamai ƙasa-ƙasa-sama, riguna sama-sama-ƙasa, gidaje sama-ƙasa-sama. Yaron Ingila ɗafa-ƙeya ɗaya yake nema mai fuska uku. Ɗan Maraɗi kuwa dole ya koyi sauya wasalin ƙarshe, da ninka baƙi, da cusa wasali a cikin saiwa, da ganɗanta baƙi (t ta koma c a motoci, d ta koma j a gidaje, s ta koma sh a ƙasashe), da kuma ɗora sabon kari a kan kalmar gaba ɗaya.

Mai karatu ya ɗauki sunaye 100 na farko da yaro ke sani, irin su uwa, nono, ruwa, tuwo, kaza, akuya, kare, ido, hannu, gida, riga, mota. Domin wani aji ya zama ƙa'idar dukkansu, sai ya mallaki aƙalla 79. Kallo ɗaya ga jerin ya isa a ga cewa da wuya wani aji ya kai ko kusa da haka. A bisa ma'aunin ke nan, Hausa ba ta da jam'i na gama-gari. Amma kowa ya san cewa da kalmar kwamfuta ta shigo, babu wanda ya yi jinkirin cewa kwamfutoci, kamar yadda aka ce likitoci da ministoci da direbobi da gwamnoni kafinta. Ƙa'idar tana da rai, tana yaɗo.

Marubucin yana da amsa ga irin wannan, domin ya gamu da shi a Jamusanci. Ya ce idan ƙa'ida ta faɗi a kan dukkan kalmomi, yaro yakan raba su gida-gida, ya sake awo a cikin kowane gida. A Jamusanci jinsi ne ya fara rabawa, sunayen mata suka sami nasu jam'in. Wannan amsa ta dace da Hausa ta wani gefe, har ma fiye da yadda ta dace da Jamusanci. Tun 1972 Newman ya nuna cewa nauyin gaɓar farko ne ke zaɓar siffar jam'i a sunaye masu gaɓa biyu da karin sama-sama:

(3) gaɓa marar nauyi: gida, gidaje, wuri, wurare, damo, damame
gaɓa mai dogon wasali: kifi, kifaye, zomo, zomaye, suna, sunaye
gaɓa mai rufin baƙi: birni, birane, kasko, kasake, jirgi, jirage

Kalmomin aro ma sun nuna rabo. Masu ƙarewa da wasalin a sun fi zuwa ajin motoci, ko da namiji ne, kamar soja, sojoji. Masu gaɓa biyu da ke ƙarewa da i sukan bi ɗakuna: banki, bankuna, kanti, kantuna. Tsofaffin aro daga Larabci masu gaɓa uku sun fi bin malamai, kamar alƙali, alƙalai.

Sai dai a nan ne rauni na farko ya bayyana. Da me yaro zai raba? A Jamusanci jinsi yana tsaye a gaban kowane suna, ba a neman sa. A Hausa kuwa ga jinsi, ga wasalin ƙarshe, ga yawan gaɓoɓi, ga nauyin gaɓar farko, ga karin sauti, ga ma'ana, kuma kowane tsarin rabo yana ba da N dabam. Gona da rana suna da karin sama-sama da dogon wasali a gaɓar farko, daidai da kifi da suna, amma jam'insu gonaki da ranaku. Idan an ƙirga su a gidan kifi, bauɗaɗɗu ne. Idan an fara raba jinsi, sun fita daga gidan, lissafin ya sake. Mai bincike da ya riga ya san amsar da yake so yana iya rabawa har ma'aunin ya ba shi gaskiya, kuma a lokacin ƙarfin ra'ayin, wato yiwuwar ƙaryata shi, ya tafi. Littafin bai warware wannan ba. Adalci ne a ce cikin 2021 Caleb Belth da abokan aikinsa, har da shi Yang, sun gabatar da wata hanya da kwamfuta ke bi ta zaɓi siffar rabo da kanta, mataki-mataki. Amma siffofin da take zaɓa daga cikinsu, mutum ne ke miƙa mata su.

Rauni na biyu ya fi zurfi. Ma'aunin ya ɗauka cewa kowace kalma ko dai tana bin ƙa'ida ko ta bauɗe, babu tsakani. Duk wanda ya buɗe ƙamus na Bargery na 1934 ya san ba haka Hausa take ba, domin suna guda yakan zo da jam'i biyu ko uku ko fiye. Ana cewa idanu da idanuwa, hannuwa da hannaye, dawaki da dawakai, sarakuna da sarakai, tebura da teburori, awaki da akuyoyi. Wani bambancin na karin harshe ne, kamar ƴaƴa a Kano da ɗiya a Gobir da Adar, kuma aikin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar ya isa shaida cewa yamma tana da nata tsari. Amma wani a baki ɗaya ake jin sa. To, yaron da ya ji awaki daga kakarsa, ya ji akuyoyi daga yayarsa, a wane shafi zai rubuta akuya? Ga kuma gida irin na Yamai, inda uwa ƴar Tawa ce, abokiyar zamanta ƴar Damagaram, masu goyon yaron kuma yara ne da ba su gama koyon jam'in ba su kansu. Lissafin da aka gina a kan uwa ɗaya da ɗa ɗaya a ɗaki ɗaya bai tanadi wannan ba.

Na uku ya shafi ƙirga, kuma shi ne ya kamata masu niyyar bincike su fi kula da shi. A Ingilishi lamba tana tilasta jam'i. A Hausa ana cewa gida uku, mota biyu, shekara biyar, dala goma, kuma babu mai jin an yi kuskure. Abu biyu suka biyo bayan wannan. Na ɗaya, gwajin Berko ba ya fassaruwa kai tsaye. Idan an nuna wa yaro wata halitta aka ce sunanta, alal misali, zoba, aka nuna masa biyu, ya ce zoba biyu, ya faɗi Hausa tsantsa. Mai gwajin da ya rubuta masa faɗuwa shi ne ya faɗi. Dole a sauya jimlar zuwa wadda ke neman jam'i da gaske, kamar mai farawa da waɗannan ko wasu, ko mai ɗauke da sifa irin manya-manya. Na biyu, wuraren da ɗan Ingila ke jin jam'i dole, ɗan Bahaushe yana iya jin tilo, saboda haka zai san sunaye da yawa da bai taɓa jin jam'insu ba. Yang ya yi tanadin wannan da ma'auni na biyu, na wadata: yaro ba zai yaɗa ƙa'ida ba sai kalmomin da ya ji suna bin ta sun yi yawa har ragowar ba su wuce iyakar haƙuri ba. Ke nan kalmar da ba a ji jam'inta ba tana da nauyin bauɗaɗɗiya.

Idan an bi wannan zuwa ƙarshensa, littafin yana hasashen abu takamaimai game da Hausa, ko da yake bai yi niyya ba: jam'in suna zai daɗe yana kan hadda, ƙa'idodin za su zo a makare, gida-gida, kuma kafin zuwansu kuskuren yaro zai fi zama barin tilo a inda ake son jam'i. Masu ra'ayin ƙa'idar ko-ta-kwana kuwa za su jira a ji ajin motoci ya mamaye kome da wuri, a sami siffofi irin su gidoji da rigogi, har doki ya yi karo da doka a kan dokoki. Larabci, wanda yake dangin Hausa na nesa kuma mai jam'i iri-iri, ya ba kowane ɓangare abin riƙo. Margaret Omar, cikin bincikenta na 1973 a wani ƙauyen Masar, ta sami yara har masu shekara 15 suna tuntuɓe a jam'in suna. Ravid da Farah kuwa, cikin 1999, sun sami yaran Falasɗinu sun kama jam'in mata mai ƙarewa da -aat tun suna wajen shekara 3, suna ɗora shi a kan kalmomin da ba nasa ba. Hausa tana iya raba wannan gardama, domin ajin da ya fi yaɗo a cikinta bai da rinjaye a kalmomin farko na yaro.

Maganar ba ta tsaya ga masana ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka ƙaddamar cikin Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Mai rubuta littafin aji ɗaya dole ya yanke ko zai sa darasin tilo da jam'i, da waɗanne kalmomi, da kuma wace siffa zai karɓa a jarrabawa. Idan ɗan shekara 6 yana kan hadda, darasin da ya ba shi ƙa'ida ɗaya ya ce ya yi aiki da ita zai koya masa kuskuren da bai zo da shi daga gida ba. Idan kuma malami ya ja jan alƙalami a kan hannaye domin littafinsa ya ce hannuwa, ya hukunta yaro a kan Hausar uwarsa.

Wanda zai ɗauki wannan aiki yana bukatar naɗar maganar yara da ta masu renonsu na tsawon watanni, a gidaje na karin harshe fiye da ɗaya, domin ma'aunin ba ya aiki da ƙamus, sai da kalmomin da yaro guda ya sani a rana guda. Zai kuma gamu da wata matsala tun a shafin farko na rubuta abin da ya naɗa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. A kan takarda gida da gona da riga da mota ƙirarsu ɗaya: baƙi, wasali, baƙi, a. A kunnen yaro kuwa huɗu ne dabam-dabam. Gida tana da gajeren wasali da karin sama-sama, gona dogon wasali da sama-sama, riga dogon wasali da ƙasa-sama, mota dogon wasali da sama-ƙasa, kuma jam'insu gidaje, gonaki, riguna, motoci. Idan mai rubutawa bai sa alamun tsawo da na kari a kan kowace kalma ba, ta yaro da ta babba, ba za a iya ƙirga N na ko da aji ɗaya daga kundinsa ba.